Maƙera da Marina: Nasiha ga Masu Sha'awar Ƙera Sola

Wata shekara aka gayyace ni alƙalanci a bikin baje kolin kimiyya na wasu makarantun sakandare. A tebur na ƙarshe, can kusa da taga, na iske wata yarinya da ba za ta wuce shekara 16 ba. Ta haɗa wasu ƙananan gilasai biyu fuska da fuska, ta matse su da abin maƙale takarda, tsakaninsu wani abu ja-ja. Na tambaye ta mene ne, ta ce, "Baba, zoɓo ne." Ta maƙala wayoyi biyu, ta kai gilashin bakin taga, sai lambar mita ta motsa. Wutar ba ta kai rabin bolt ba, amma wuta ce, kuma daga furen da iyayenmu mata ke jiƙawa su sayar a ƙofar gida ta fito. Na ce yaushe kika haɗa shi? Ta ce jiya da daddare. Na ce na makon jiya fa? Ta sunkuyar da kai, ta ce ya mutu, launin ya koɗe, ruwan ya bushe. Na ce kin rubuta ranar da ya fara rauni da ranar da ya mutu? Ta ce a'a, ai lalacewa ya yi, ta jefar.

Wancan da ta jefar, 'ya'yana, shi ne ainihin binciken. Kuskuren yarinyar nan shi ne kuskuren da manyan kamfanoni suka tafka da miliyoyin daloli, kuma don kada ku maimaita shi na ɗauki alƙalami.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, faifan sola ya mamaye rufin gidaje da shaguna da masallatai. Da yawanku kun koyi haɗa inbata da batir, wasunku ma da shi suke ciyar da iyali. To sai ga labarai a waya, yau an ce an gano fentin da ke ba da wuta, gobe an ce za a riƙa buga sola kamar jarida, kuma kowane labari da kalmar nano a goshinsa. Matashi ya karanta, zuciyarsa ta tashi, ya ji kamar abin da yake yi ya zama tsohon yayi. Ku zauna mu warware maganar a tsanake.

Nano ma'auni ne kawai, kamar kamu ko taƙi. A raba milimita ɗaya gida miliyan, kaso ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashi yakan kai nanomita 80,000, kuma farcen hannunku yana tsiro kusan nanomita 1 a kowane sakan. Abin da ya sa masana suka damu da wannan ƙanƙanta, duk matar da ta taɓa daka kanwa ta san rabinsa: dunƙule yana daɗewa a ruwa, gari kuwa nan take ya narke, domin dakan ya yawaita fuskokin da ruwa zai taɓa. Ku yi lissafin da kanku. Dunƙulen da kowane gefensa santimita 1 ne, kusan girman dunƙulen magi, fuskokinsa shida gaba ɗaya murabba'in santimita 6 ne. A yayyanka shi ƙwayoyi masu nanomita 10, fuskokin za su kai murabba'in mita 600, wato sun fi fuloti mai ƙafa 50 da 100. Nauyin bai ƙaru ba, wurin aiki ne ya ƙaru.

Shi kuwa faifan da ke kan rufinku aikin maƙera ne. Farin dutse ɗan'uwan yashi ake haɗawa da gawayi a tanderun lantarki mai zafin da ke kusan digiri 2,000, a fitar da silikon. A tace shi har datti ya gaza ɗaya cikin miliyan. A sake narkar da shi a digiri 1,414, a tsoma ɗan iri a riƙa jawo shi sama a hankali har ya zama doguwar sanda, dabarar da wani masani ɗan ƙasar Folan, Jan Czochralski, ya gano a 1916. Daga nan a yanka sandar sala-sala da waya mai ɓurɓushin lu'ulu'u, kowace sala kaurinta kamar silin gashi biyu. Kowane ɗan murabba'in da kuke gani a jikin faifai sala ɗaya ce, shi ake kira sel. Na farkonsa mai amfani an ƙera shi a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka a 1954, kuma kashi 6 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa wuta. Aiki ne mai cin wuta, mai cin jari, mai neman tsafta fiye da ɗakin tiyata. Shi ya sa tun da daɗewa masana ke tambayar kansu ko za a bar maƙera a koma marina, a tsoma, a shafa, a shanya.

A 1991 Brian O'Regan da Michael Grätzel suka ba da amsa daga Lozan ta ƙasar Siwizalan. Tun kafin su an san cewa rini yana kama haske ya saki ilektiron, amma rinin da ke taɓa jikin abin da zai karɓi ilektiron ɗin ne kaɗai ke aiki, kuma shafi ɗaya a kan shimfiɗaɗɗen gilashi ba ya kama ko kashi 1 na haske. Sai suka ɗauko taitaniya, farar hodar nan da ke cikin farin fenti da man goge baki, a siffar ƙwayoyi masu nanomita 10 zuwa 20. Suka shafa a gilashi mai ɗaukar wuta, suka gasa a zafin da ya kai wajen digiri 450 har ƙwayoyin suka manne da juna suka zama kamar soso, sannan suka tsoma a rini. Kowace ƙwaya ta sha rini ta kowane gefe, fuskar aiki ta ninka kusan sau 1,000. Haske ya bugi rini, rini ya tura ilektiron cikin taitaniya, ya bi ƙwaya zuwa ƙwaya har gilashi, ya fita ta waya ya yi aiki, ya dawo ta ɗaya gilashin, wani ruwa mai aidin ya mayar wa rinin abin da ya rasa. Suka sami sama da kashi 7. Abin da yarinyar nan ta kwaikwaya ke nan, sai dai su rininsu na wani ƙarfe ne mai tsada da ake kira ruteniyam, ita kuwa zoɓo. Jami'o'inmu sun cika da irin wannan bincike, na zoɓo, na lalle, na ganyaye iri-iri, kuma yawanci sakamakon ba ya kai kashi 1.

Ban raina wannan aiki ba. Na fi son ɗalibin da ya haɗa sel na zoɓo da hannunsa a kan wanda ya haddace shafi goma bai taɓa riƙe mita ba. Abin da ke damuna shi ne a shekara ashirin ana sauya ganye ana maimaita gwaji ɗaya, kowa ya auna a ranar farko ya rubuta ya karɓi digirinsa. Ku je Ƙofar Mata a Kano, marinar da ake cewa tun 1498 take, ku tambayi kowane marini. Ba ya yabon zane a lokacin da aka tsamo shi daga baba. Sai an wanke, an shanya, rana ta buga shi, sannan a san ko mai zuba ne. Shi kansa sel ɗin Grätzel, bayan shekara 30 da ɗoriya, mafi kyawunsa a ɗakin bincike yana wajen kashi 15, kuma bai kori silikon daga rufin kowa ba. Ruwan cikinsa yana tsiyaya, zafi yana kumbura shi. Inda ya sami gurbi shi ne cikin ɗaki, wurin raunanan haske, kamar yadda wani kamfanin Suwidin mai suna Exeger ke sa shi a jikin na'urar saurare ta kunne. Ƙaramin gurbi ne, amma na gaskiya ne.

Yanzu ga labarin da nake so ku riƙe da kyau. A 2002 aka kafa kamfanin Nanosolar a Kalifoniya. Dabararsu mai ban sha'awa ce: a mayar da tagulla da indiyam da galiyam da seleniyam ƙwayoyin nano, a dama su kamar tawada, a buga a kan siririn goran ruwa da inji irin na ɗab'i. Suka yi alkawarin faifai a ƙasa da dala 1 kan kowane wat, a lokacin da na silikon ya ninka haka sau da yawa. Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa Google, suna cikin masu zuba kuɗi, kuma jarin da aka tara ya haura dala miliyan 400. A 2013 aka yi gwanjon kayan kamfanin. Konarka, mai yin sola a jikin leda, ya riga shi faɗuwa a 2012. Solyndra, wanda gwamnatin Amurka ta tsaya masa ya ci bashin dala miliyan 535, ya rushe tun 2011.

Me ya kashe su? Ba rashin basira ba ne. Sun gina lissafinsu a kan cewa silikon zai dawwama da tsada. A 2008 kilo ɗaya na tataccen silikon ya haura dala 400. Kafin ƙarshen 2012 ya sauko ƙasa da dala 30, domin ƙasar Sin ta gina masana'antu masu girman gari, ta koyi yanka sala sirara, ta rage asara a kowane mataki. Suna can suna gyaran injin bugu, maƙerin da suka raina ya wuce su. A yau kusan kashi 95 na faifan da ake sayarwa a duniya na silikon ne, kuma sama da kashi 80 na kowane matakin ƙera shi a Sin ake yi. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Duk wanda ya zo muku da sabuwar dabara, ko a kasuwa ko a makaranta, ku tambaye shi me tsohuwar za ta zama kafin tasa ta nuna.

Wani abin dariya kuma, nano ya shiga rufinku tuni, ta ƙofar maƙeran, ba tare da ganga ba. Silikon tsirara yana mayar da fiye da kashi 30 na haske baya kamar madubi. Shuɗin da kuke gani a jikin sel wani shafi ne mai kaurin nanomita 75 ko kusa da haka, wanda ke hana hasken guduwa. Sabbin faifan da aka rubuta wa TOPCon kuwa, akwai wani shafi a bayansu da bai wuce nanomita 1 zuwa 2 ba, yana barin ilektiron ya wuce yana hana asara. Wanda ke ɗora faifai a Sabon Gari ko Maraɗi, kayan nano yake ɗauka a kafaɗa bai sani ba.

Sai kuma ferobiskait, tauraron wannan zamani. Sunan asalinsa na wani ma'adini ne da Gustav Rose ya bayyana a 1839 daga duwatsun Ural na Rasha, ya sa masa sunan Lev Perovski. A wannan shekarar ce kuma, ikon Allah, wani matashi Bafaranshe mai shekara 19, Edmond Becquerel, ya lura a ɗakin binciken mahaifinsa cewa haske yana iya haifar da wuta. Wanda ake sa wa a sola ba daga dutse ake haƙo shi ba, haɗa shi ake yi da dalma da aidin da wani sinadari, tsarin ƙwayarsa ne ya yi kama da na ma'adinin. A 2009 Tsutomu Miyasaka da ɗalibansa a Yokohama ta Jafan suka sa shi a madadin rini a cikin sel irin na Grätzel. Suka sami kashi 3.8, kuma cikin mintuna ruwan sel ɗin ya narkar da shi. Kusan ba wanda ya waiwaya. Nam-Gyu Park na Koriya ta Kudu ya waiwaya, ya kai shi kashi 6.5 a 2011, sannan a 2012 shi da Grätzel suka cire ruwan suka sa daskararren abu, suka kai kashi 9.7.

Ku saurari abin da ya faru a Oxford ta Ingila a wannan shekarar, domin a nan darasin yake. Henry Snaith ya tura ɗalibinsa Michael Lee Jafan ya koyo yadda ake haɗa abin da hannu. Zuwa da kai ya fi aike. Da ya dawo, suka yi wani gwaji da mai gaggawa ba zai ɓata lokaci a kansa ba: suka cire taitaniya, wadda kowa ya ɗauka ita ke jigilar ilektiron, suka sa wata hodar da ba ta ɗaukar wuta sam. Bisa ilmin da ake da shi, sel ɗin ya kamata ya mutu. Sai ya ba da kashi 10.9. Ashe ferobiskait da kansa yake ɗaukar kayansa. Shekara ɗaya bayan nan suka cire soson gaba ɗaya, suka shimfiɗa shi fili, ya haura kashi 15. Da sun tsaya kan abin da suka tabbata sun sani, da ba su gano ba. Idan kuka haɗa abu ya yi aiki, ku cire ɓangaren da kuke alfahari da shi ku ga ko zai ci gaba da yi. Sau da yawa abin da kuke yabo ba shi ke aikin ba.

A yau ferobiskait shi kaɗai ya haura kashi 26 a ɗakin bincike, tafiyar da ta ɗauki silikon shekaru fiye da 50. Shafinsa wajen nanomita 500 ne, ya fi salar silikon siranta sau ɗaruruwa, kuma zafin da ake gasa shi bai cika wuce digiri 150 ba, zafin tuyar ƙosai ma ya fi. Akwai kuma wata iyaka da William Shockley da Hans Queisser suka lissafa a 1961, cewa sel mai sinadari ɗaya ba zai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na haske ba, domin kowane sinadari akwai launin da yake kamawa da kyau da wanda ke kuɓuce masa. Maganin shi ne tankaɗe biyu: a ɗora ferobiskait a sama ya kama shuɗi da kore, ja da abin da ke bayansa su wuce ƙasa silikon ya kama. Kamfanin LONGi na Sin ya kai kashi 33.9 da wannan haɗi a 2023, ya haura 34 a 2024. A watan Satumba na 2024 kamfanin Oxford PV ya fara aika irin wannan faifai ga mai saye daga masana'antarsa da ke Jamus. Ku lura, marini bai kori maƙeri ba, kan kafaɗarsa ya hau.

To ina matsalar? Inda yarinyar nan ta bar ta. Na farko-farkon ferobiskait baƙi ne wuluk, amma laima ta taɓa shi ko zafi ya daɗe a kansa sai ya koma rawaya, ya daina aiki. An inganta haɗin ƙwarai, an koyi rufe shi, amma mai sayar da silikon yana ba da garantin shekara 25, kuma akwai faifan da suka wuce haka a rana suna aiki. Ferobiskait bai yi shekarun da zai nuna irin wannan shaida ba. Hausawa suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Sannan yawancin lambobin da kuke gani a labarai, an auna su ne a kan sel da bai kai faɗin farce ba, wanda aka haɗa a cikin akwatin gilashi da aka kore iska da laima. Shimfiɗa shafi mai nanomita 500 a kan faɗin ƙofa ba tare da huda ko tudu ba, wannan wani aiki ne daban. Don haka duk lambar da aka ba ku, ku yi mata tambaya uku: faɗin nawa, wa ya auna banda mai shi, kuma bayan awa nawa a rana.

Akwai kuma dalma, kuma mu ba za a koya mana sharrinta ba. A 2010 gubar dalma daga dakan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Gaskiya ne dalmar da ke cikin ferobiskait kaɗan ce, ba ta kai giram 1 a murabba'in mita ba, alhali batirin mota ɗaya yana ɗauke da kilo da yawa. Amma ta cikin ferobiskait tana narkewa a ruwa. Ranar da irin wannan faifai ya iso kasuwanninmu, kuma zai iso, wa zai karɓi fasasshe? A bola zai ƙare, inda yara ke tsince-tsince da awaki ke kiwo? Ko batiran solar da muke da su yanzu, ku dubi yadda ake fasa su a bayan gari da hannu tsirara. Kuma ina roƙonku, kada wani ya kalli bidiyo ya ce zai dama ferobiskait a ɗakinsa. Ruwan da ake narkar da shi a ciki yana cutar hanta, hodar dalma kuma ba ta sallama kafin ta shiga jini. Sel na zoɓo ku yi a gida in kun sami gilashin, na dalma sai ɗakin gwaji mai zuƙe iska da malami a tsaye.

Kada wannan duka ya sanyaya muku gwiwa. Abin da duniya ke nema a wannan fanni yanzu shi ne sanin yadda abu ke tsufa a rana, kuma rana ce Allah Ya hore mana. Lambar da aka rubuta a bayan kowane faifai an auna ta ne a digiri 25. Faifan da ke rufin kwano a Sakkwato ko Agadas a watan Afrilu yana iya kai digiri 65, kuma silikon yana rasa wajen kashi 0.35 na ƙarfinsa a kan kowane digiri, wato kusan kashi 14 sun tafi tun kafin a yi maganar ƙura. A Turai sai an sa faifai a akwati mai zafin digiri 85 da laima kashi 85 na tsawon awa 1,000 don a kwaikwayi wahala. Mu muna da bazara, da damina, da hunturu mai ƙurar da ke rufe gilashi cikin kwanaki, duka a shekara ɗaya kuma kyauta. Matashin da zai ajiye faifai biyu iri ɗaya, ya riƙa share ɗaya ya bar ɗaya, ya auna zafi da bolt da amfiya kullum a lokaci ɗaya, ya rubuta da kwanan wata har shekara ta zagayo, yana da abin da ba kowane farfesa ke da shi ba. Akwai wuraren da za a kai irin wannan littafi a karɓa da mutunci: cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, masana'antar haɗa faifai ta NASENI a Karshi kusa da Abuja, da manyan tashoshi irin mai megawat 10 ta Kumbotso a Kano da mai megawat 30 ta Gorou Banda kusa da Yamai, waɗanda duka biyu aka buɗe a 2023.

Na taɓa sayen faifai da aka rubuta wa wat 300, na kawo gida na auna da tsakar rana, ko rabi bai kai ba. Da na koma shagon, yaron da ya sayar mini ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi, domin bai taɓa aunawa ba. Shi aka ba lamba ya miƙo mini. Ku da za ku shiga wannan sana'a, ko ta kasuwa ko ta bincike, kada ku zama masu miƙa lambar da ba ku auna ba. Idan gwajinku ya ba da kashi 0.2, ku rubuta 0.2. Idan kun haɗa sel goma, tara suka mutu, ku rubuta goman, ban da zaɓen ɗaya a ɗauki hoto. Tauye mudu haramun ne a kasuwar hatsi, haramun ne a ɗakin gwaji.

Sai tushe. Duk wanda ke son nano amma yana gudun lissafi da kemistiri da fizis, gini yake so ba harsashi. Idan suna ba ku wuya, ba ku kaɗai ba ne. Moungi Bawendi, wanda mahaifinsa ɗan Tunisiya ne, ya sami kyautar Nobel ta kemistiri a 2023 tare da Louis Brus da Alexei Ekimov, a kan ɗige-ɗigen kwantam, ƙwayoyin da launinsu ke sauyawa gwargwadon girmansu, waɗanda ake gwada su a sola kuma suke cikin wasu talabijin. Shi da bakinsa ya faɗa cewa jarrabawarsa ta farko ta kemistiri a jami'ar Harvard maki 20 cikin 100 ya samu. Ya koma ya koyi yadda ake karatu. Ku koyi dokar Ohm har ku iya yin ta a ka, ku koyi zana jadawali, ku koyi Turancin da zai ba ku damar karanta rahoton bincike da kanku maimakon jiran wanda zai taƙaita muku a Facebook. Mai haɗa sola a unguwa kuma kada ya ji kunyar sana'arsa. Waya mai kauri daidai, jona mai tsafta, kusurwar da ta dace, suna ceton wutar da ta fi abin da masana ke shekara biyar suna nema a ɗakin bincike.

Iyaye da yayye kuma, wadda ta nuna mini sel ɗin nan mace ce. Idan 'yarku ko ƙanwarku ta ce tana son kimiyya, ku saya mata mita, kuɗinta bai kai na turmin atamfa ba.

Ke kuma 'yata, in Allah Ya sa wannan rubutu ya iso hannunki, ki sake haɗa wasu, guda shida. Biyu ki ajiye a rana, biyu a inuwa, biyu a cikin akwati mai duhu. Ki auna su kullum bayan azahar ki rubuta, har ranar da na ƙarshe zai daina motsa mita, kuma kada ki jefar da ko ɗaya. Littafin nan nake so ki kawo mini.